Neman shawara: wace rauta zan saya da riyal 250 a Makka?

Abu Hamza: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune da iyalina a Makka, wajen titin Mansur, a hawa na biyu na wani tsohon gini mai kaurin bango, ɗaki uku da falo. Shekara huɗu ke nan da ƙanin matata ya bar mana rautar da muke amfani da ita, wato na'urar rarraba intanet ta wayifai, lokacin da zai koma Kano, kuma a wancan lokacin waya biyu ce kacal a gidan, don haka ba mu taɓa yin kuka da ita ba. Yanzu yara sun tasa. Babbar 'yata tana shiga dandalin Madrasati na karatun makaranta ta intanet, ƙannenta biyu suna karatun Alƙur'ani ta kiran bidiyo, mahaifiyata kuma, wadda ta dawo wurinmu bara, hankalinta ba ya kwanciya sai ta ga fuskokin 'yan uwanta na Gusau kowane dare. Da an idar da Isha'i sai hoto ya tsaya cak, murya ta riƙa yankewa, tsohuwa ta ajiye waya ranta a ɓace, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Ni direba ne, abin da zan iya warewa bai wuce riyal 250 ba. Wani abokin aikina ya ce in sayi TP-Link Archer C6. Shin ta dace, ko akwai wadda ta fi ta?

Abu Yasir: Wa alaikumus salam. Malam Abu Hamza, ka ba mu labarin gida duka, amma ka bar abin da shawara ta rataya a kansa: intanet ɗinka ta wayar faiba yake shigowa, ko layi ne a cikin na'urar? Aikin haɗa intanet nake yi a Jidda, kuma mafi yawan asarar da nake gani daga nan take farawa. Archer C6 na'ura ce mai kyau, tana aiki a zangon 2.4 GHz da na 5 GHz, ramukanta na waya kuma masu ɗaukar gigabit ne, amma ba ta da wurin sa layi. Ita rarrabawa kawai take yi, ba ta jawo intanet da kanta.

Abu Hamza: Layi ne a ciki, na 4G. Ban ga amfanin ambatonsa ba ne, tunda sabis yana nuna cikakke.

Abu Yasir: To kada ka sayi komai tukuna. Cikar sabis tana nuna kusancinka da hasumiyar sadarwa ne kawai, ba ta nuna yawan mutanen da kuke rabon ƙarfinta da su ba, kuma bayan Isha'i kowa a unguwa yana kan waya, balle a Makka lokacin Umara. Ka tsaya kusa da rautar ka auna gudun intanet da ƙarfe uku na rana, ka sake aunawa da tara na dare, sannan ka auna a ɗakin Hajiya. Idan a gaban na'urar ma gudun yana faɗuwa da dare, cunkoson hasumiya ne, kuma sabuwar rauta ba za ta yi maganinsa ba. Idan a gabanta lafiya lau, a ɗaki ne yake mutuwa, to bango ne da maƙwabta. Tsofaffin na'urori da yawa zangon 2.4 kaɗai gare su, wanda hanyoyinsa uku ne rak ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, alhali a gini ɗaya sai ka ƙirga wayifai goma sha. Zangon 5 ya fi gudu da sarari, sai dai bangon kankare yana raunana shi da sauri. Maganin da ya fi ɗorewa shi ne faiba. Tun 2020 hukumar sadarwa ta ba da damar ka zaɓi kamfanin da kake so ko da wani ne ya shimfiɗa wayar a gininku, don haka ka duba bangon ƙofar gini ko akwai akwatinta.

Ummu Salma: Ni dai ina jan kunnenka game da yarjejeniya. A Madina wani wakilin kamfani ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, ya ce na'ura kyauta ce, maigida ya sa hannu ba tare da ya karanta ba. Da muka tashi daga gidan bayan wata takwas, aka ce sai mun biya tarar watannin da suka rage, sabon gidan kuma ba a ja masa waya ba. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Duk abin da za ka saya, ka saya a shago irin Jarir ko eXtra, ka karɓi fatura, wato rasiti, ka adana, domin kayan lantarki a ƙasar nan garantinsu shekara biyu ne, kuma ba tare da fatura ba babu mai sauraronka.

Abu Bilal: Ina ganin ana tsawaita magana. Ɗan uwa, ka shiga Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, mutane suna sayar da rautar 5G da suka yi amfani da ita, ka sa layinka ka huta. Tawa haka na saye ta a Riyad, shekara biyu ke nan ban taɓa jin kanta ba.

Abu Yasir: Alhaji Abu Bilal, kai ka dace, amma ba zan tura mai riyal 250 can ba. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori a kulle suke a kan kamfani ɗaya, ba su da garanti, kuma dole ne kunshin layinsa da unguwarsa su kasance suna da 5G. Abin da ba ya cin ko sisi shi ne ya ɗora rautar a sama, kusa da taga, a fili. Malam Abu Hamza, a ina take ajiye?

Abu Hamza: Tana cikin kabad ɗin talabijin a falo, kuma da dalili na sa ta a can, domin autanmu ya taɓa fizgo wayarta har ta faɗo. Kusa da taga babu soket, maigidan haya kuma ya gargaɗe mu a kan huda bango, shi ya sa maganar faiba ma ba na son tayar da ita, ga shi ban san ko za mu sabunta haya ba. Ba na jin wurin ne matsalar, tunda shekara huɗu tana nan tana aiki. Na fi zaton tsufa ne ya kama ta.

Ummu Salma: Ƙaramar na'urar ƙara sabis da ake maƙalawa a soket ta taimaka mana a ɗakin yara, kuma ba ta da tsada.

Abu Yasir: Hajiya, irin wannan mai zango ɗaya tana karɓa tana kuma aikawa a hanya guda, don haka kusan rabin gudun yake tafiya, kuma abin da ya iso mata da rauni shi za ta maimaita. Idan dole sai ya saya, ya sayi Archer ɗin, ya haɗa ta da tsohuwar da wayar intanet irin Cat5e, wadda take kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba, ya bi da ita ta ƙarƙashin ƙofa zuwa tsakiyar gida, ya kashe wayifai na tsohuwar. Amma ina nan a kan bakana: awo tukuna.

Abu Hamza: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Matata ba za ta yarda da waya a shimfiɗe a ƙasa ba saboda mahaifiyata tana dogara sanda. Awon kuma zan gwada in na samu dare ɗaya da ba ni da aiki. Alhaji Abu Bilal, taka wace iri ce, kuma nawa ka saye ta?