Da Zaɓen Matasa Ake Cin Kofin NFL, Ko Da Sayen Taurari?

Ɗan Auta: Salamu alaikum. Ina nan a kan maganata ta jiya. A ƙwallon Amurka na NFL, duk ƙungiyar da ta tattara kuɗinta ta ɗora a kan tauraro ɗaya, ta sayar da gona ne ta sayi taki. Da zaɓen matasa ake gina ƙungiya, sauran duk hayaniya ce.

Malam: Wa alaikumus salam. Ku bi ni a hankali, ni Firimiya na sani. Can mai kuɗi ya sayi wanda yake so. Me zai hana a Amurka?

Kawu: Malam, doka ce ta hana. Ƙungiyoyi 32 ne, kuma dukkansu iyakar albashi ɗaya aka yanka musu. Da aka fara a 1994 ba ta kai dala miliyan 35 ba, a 2024 ta kai miliyan 255 da ɗoriya. A cikin wannan kuɗin za ka biya 'yan wasa 53. Sannan duk shekara ana zama a raba matasan da suka fito daga jami'o'i, zagaye 7, kuma ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi ita ke fara ɗauka. Babu faɗawa rukuni na ƙasa. Shi ya sa ƙaramin gari irin Green Bay yake iya kafaɗa da kafaɗa da New York.

Ɗan Auta: Yauwa Kawu, ka share min hanya. Tun 2011 aka ƙayyade abin da sabon yaro zai karɓa. A 2010 Sam Bradford ya sa hannu a kan dala miliyan 78 bai taɓa buga wasa ko ɗaya ba. Shekara ɗaya bayan haka Cam Newton, shi ma na farko da aka ɗauka, miliyan 22 ya samu. To in ka dace da yaro mai kyau, shekara 4 kana cin moriyarsa a araha, rarar kuɗin ka yi wa sauran gurabe. Haka Seattle ta yi da Russell Wilson, wanda ta ɗauka a zagaye na 3 a 2012, ta zo ta lallasa Denver da 43 da 8 a wasan ƙarshe. Ga Brock Purdy kuma, na 262, na ƙarshe ƙaf a zaɓen 2022. Albashinsa bai kai dala miliyan 1 a shekara ba, amma ya kai San Francisco har Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL.

Anti: Ya kai su, sai kuma me ya faru? Ƙarasa mana labarin, Auta.

Ɗan Auta: An ci su, Anti, 25 da 22, a ƙarin lokaci.

Anti: Wa ya ci su? Patrick Mahomes, wanda Kansas City ta ba kwantiragin shekara 10 na dala miliyan 450 a 2020. A kan idona aka yi wasan nan, ban rintsa ba. Mai tsadar ne ya doke mai arahar. Bayan sa hannun nan sau 2 a jere suka ɗauki kofi, 2023 da 2024. Kwatabak, wato matsayin da Mahomes da Purdy suke bugawa, shi ne mai jefa ƙwallo, duk wani hari ta hannunsa yake bi. In Allah ya ba ka irin Mahomes, biyansa za ka yi ko nawa ne, don ba a tsintar irinsa a kasuwa.

Ɗan Auta: Ban ƙi ta taki ba Anti, amma Mahomes ɗin ai ba sayensa suka yi ba. Zaɓarsa suka yi a 2017, na 10. Kuma da kuɗinsa ya fara nauyi me suka yi? Suka sallama Tyreek Hill ga Miami a 2022, mutumin da ya fi kowa gudu a ƙungiyar, suka karɓi gurabe 5 na zaɓe. Mutane suka ce sun rushe. Yaran da suka ɗebo a shekarar ne suka riƙe su, har da Isiah Pacheco na zagaye na 7, wanda ya ci maki a wasan ƙarshe.

Kawu: Auta, a nan ka ɗan ja da baya ba ka sani ba. Da farko cewa ka yi kada a biya tauraro. Yanzu kana cewa a biya shi in kai ka raine shi. Magana biyu ce. Sannan in zaɓe kaɗai ne magani, yi min bayanin Cleveland. Wasa 1 suka ci a 2016, a 2017 ko ɗaya ba su ci ba, shekara 2 a jere su ke fara ɗauka. Har yau ba su taɓa zuwa Super Bowl ba. Ga kuma Rams ta Los Angeles, wadda daga 2017 zuwa 2023 ba ta ɗauki kowa a zagayen farko ba, ta bayar da yawancin guraben ta karɓi manyan 'yan wasa irin Jalen Ramsey da Matthew Stafford. A Fabrairun 2022 suka ɗaga kofi a filinsu.

Ɗan Auta: Kakar da ta biyo baya wasa 5 suka ci, aka ci su 12, Kawu.

Kawu: Haka ne. Tambayi magoya bayansu ko sun yi da-na-sani. Kofin yana nan a ajiye.

Malam: Ni abin da ya ɗaure min kai, in akwai iyaka, ta yaya ake biyan mutum ɗaya miliyan 450?

Kawu: Dabara ce ta lissafi, Malam. Kuɗin sa hannu ana ba ɗan wasa a dunƙule, amma a takarda ana raba shi har zuwa shekara 5. Kamar cin bashi ne daga shekarun gaba. In ɗan wasan ya yi kyau, lafiya lau. In ka kore shi kafin lokaci, ragowar ta faɗo maka, kana biyan wanda ba ya buga maka. Mataccen kuɗi ke nan.

Ɗan Auta: Kuma nan ne maganata take. Denver ta ba da gurabe 2 na zagayen farko da 2 na zagaye na biyu, haɗe da 'yan wasa, ta karɓo Russell Wilson a 2022. Bayan kaka 2 ta sallame shi, dala miliyan 85 na mataccen kuɗi ya hau kanta. Cleveland ɗin da Kawu ya ambata, ita ma gurabe 3 na zagayen farko ta bayar a kan Deshaun Watson, ta lamunce masa miliyan 230 ko ya buga ko bai buga ba. Wannan ba laifin zaɓe ba ne, gajen haƙuri ne. Rams kuwa, wanda aka ba gwarzon wasan ƙarshen nan Cooper Kupp ne, nasu ne na zagaye na 3. Aaron Donald ma su suka zaɓe shi a 2014.

Anti: Wannan na yarda da kai, wanda aka sayo da tsufansa ya fi haɗari. Amma ka janye batun taki da gona. Purdy ɗinka ma ai a 2025 San Francisco ta ba shi miliyan 265 na shekara 5. Su ma sun sayar da gonar ke nan?

Ɗan Auta: Ban janye ba tukuna, Anti. A shekarar ai sai da suka rabu da Deebo Samuel da wasu manyansu. A ba su kaka 3 mu ga ko za su koma inda suka je lokacin da yake araha.