Muhawara: Zuwa maƙabartar Srebrenica, ziyara ce ko fama miki?

Ɗalibi a Istanbul: Assalamu alaikum jama'a. A wannan hutun Allah Ya kai ni Potocari, kusa da garin Srebrenica a Bosniya. Fararen duwatsu ne jere a kan kaburbura, har ido ya gaji. Akwai wani dutse da aka rubuta 8372 a jikinsa, adadin maza da samari Musulmi da sojojin Sabiyawan Bosniya ƙarƙashin Ratko Mladic suka kashe a Yulin 1995. Duk wanda ya samu hali ya je.

Kawu: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙansu da rahama. Amma ɗana, ni ban goyi bayan wannan tururuwar ba. Kullum a kwaso baƙi da 'yan makaranta ana nuna musu, ai fama miki ne. Musulmi da Sabiyawa har yau maƙwabta ne a wannan yanki. Yaron da ya tashi yana kallon wannan, da wace zuciya zai zauna da ɗan maƙwabcinsa? An ɗaure Mladic rai-da-rai a 2017, an ɗaure Radovan Karadzic, shugaban Sabiyawan Bosniya na lokacin. Shari'a ta yi aikinta, a bar mamata su huta.

Malama: Kawu, a yi mini afuwa, amma ba su huta ba tukuna. Bayan kisan, makasan sun dawo da katafila suka tone manyan ramukan, suka kwashe gawarwakin zuwa wasu wurare don su ɓoye laifinsu. Shi ya sa ake samun ƙashin mutum ɗaya a rami biyu ko uku. Sai da gwajin ƙwayar halitta ake gane wannan ɗan wane ne. Kowace 11 ga Yuli ana sallar jana'izar waɗanda aka gano a shekarar, wata uwar ƙasusuwa kaɗan take binnewa bayan ta jira shekara da shekaru. Mantawar da ake kira a yi, ai ita ce masu katafilar suka so tun farko.

Kawu: Ban ce a hana iyalai ba, Malama. Nasu dole ne. Bare nake nufi, mai rataye da kyamara. Maƙabarta ba wurin yawon buɗe ido ba ce.

Ɗalibi a Istanbul: Nan kam kun yi gaskiya Kawu, na ga masu ɗaukar kansu hoto suna murmushi, raina ya ɓaci. Sai dai na ga wasu baƙin sun ɗaga hannu suna addu'a. Kuma ku tsallaka titi ku ga tsohuwar masana'antar batir, inda sojojin Holan na Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi sansani. Nan dubban mutane suka gudo, don tun 1993 Majalisar ta ce garin tudun mun tsira ne. A gaban sojojin aka ware maza daga mata. Na sha karanta wannan, amma sai da na tsaya a wurin gabana ya faɗi.

Malama: Kuma har gobe akwai masu cewa ba kisan ƙare-dangi ba ne, alhali Kotun Duniya ta tabbatar a 2007. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar tunawa a 2024, ƙasashe 19 suka ƙi amincewa. Idan bare bai je ya gani ba, wa zai ƙaryata su in tsofaffin matan nan sun ƙare?

Kawu: Na ji, kuma maganar katafilar nan ta girgiza ni. Babba ya je da ladabi, ya yi musu addu'a, ban ja ba. Amma batun ƙananan yara ina nan kan bakana. Ɗana, ka ga 'yan makarantar Sabiyawa a wurin, ko na Musulmi ne kaɗai ake kaiwa?

Ɗalibi a Istanbul: Ranar da na je, ban tambayi yaran da na gani daga ina suke ba, Kawu.