Bulo ya ƙare mini a linta, don Allah ku duba mini lissafi

Malamin lakwal: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a wajen Tanut, iyalina suna haya a Sabon Gari, cikin Damagaram. Mai gidan ya ce ɗansa zai yi aure bayan damina, mu nemi wuri. Tun bara yake faɗa, yanzu har ya aiko ƙanensa ya faɗa wa maiɗakina a gaban yara, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, don ban taɓa jinkirta masa kuɗin wata ba. Ina da ɗan fili a Kanya, na ci bashi na fara ɗaki biyu. Maginin yayan matata ne. Ya ce bulo 1,000 zai isa, aka buga. Yau ya kira ni wai bulo ya ƙare, gini kuwa bai wuce kan taga ba. Ga Yuni ta matso. Cutata aka yi ko lissafin ne? Nawa ya rage mini?

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam Mushe (malam). Ba ka faɗi girman ɗakunan ba. Da me za mu lissafa?

Malamin lakwal: Mita 4 da 4 kowanne, a jere, tsayi mita 3.

Mazaunin Kano: Abu mai sauƙi. Bango mita 28 ne har da na tsakiya, sau 3, murabba'in mita 84. Bulo 10 ke shiga kowace mita, 840 ke nan, ba a ma cire ƙofa da taga ba. Da ya kamata a gama har a yi saura. Je ka tambayi surukinka inda ya kai sauran.

Hajiya ta Garin Malam: Wallahi haka suke. Nawa maginin da magariba yake aika yaronsa da amalanke, buhun siminti ɗaya yau, biyu gobe, sai da maƙwabciya ta tsegunta mini. Kuma ɗan uwa ya fi cuta, don ba ka iya buɗe baki.

Tsohon magini: Ku dakata da zargin bawan Allah. Kai na Kano, bulonku santimita 45 ne da 22 da rabi, shi ya sa 10 ke cika mita. Namu na Damagaram 40 ne da 20, sai 12 da rabi. Na gaji da gyara wa mutane wannan. Mushe, bar ma zancen murabba'i, ƙirga layi. Mita 28 a raba da santimita 40, bulo 70 kowane layi. Daga daɓe zuwa linta, wato kankaren da ake zubawa a kan ƙofa da taga, layi 10, 700, ka cire wajen 75 na ƙofa biyu da taga biyu, saura 625. To ina tushe? Layi nawa aka binne? Kuma buhun siminti nawa ka bayar aka buga?

Malamin lakwal: Baba, filin yana da gangare, layi 4 aka sa a ƙasa, daga cikin bulon nan. Siminti buhu 22.

Tsohon magini: To ga ɓarawonka nan. Layi 4 sau 70, 280. Haɗa da 625, 905. Ragowar sun farfashe, kuma dole su fashe: 45 ka fitar a buhu ɗaya! Ni ban wuce 35 a bulo mai rami na santimita 15, ko wa ya roƙe ni. Ɗauki ɗaya ka murza gefensa da babban yatsa, in rairai ya zubo ka san abin da ka gina. Sannan tushe bulo marar rami yake so. An dai cika ramukan da kankare?

Malamin lakwal: Baba, tan guda buhu 20 ne, shi na iya saya, biyun ma aro na yi. Kowa a layinmu 45 yake bugawa, ban ga gidan da ya faɗi ba. Yaya kuma ba yau ya fara gini ba.

Ɗan Kara-Kara: Ku kuna ta siminti, ni ruwa ne ya kashe ni. A watan Afrilu famfo ko ɗigo, 'yan garuwa su ɗora kuɗin da suka ga dama. Garin da ke zaune bisa dutse, ruwan sha ma daga Aroungouza da Ganaram ake jawo shi, wa zai shayar da bulo safe da yamma?

Tsohon magini: Wanda yake son gininsa. Mako guda ake ba shi ruwa, ba gardama. Mushe rubuta: saman linta layi 4, 280. In kana son katangar da za ta rufe bakin kwano saboda iskar farkon damina, ƙara layi 2, 140. Da na fashewa ka buga 450, buhu 13. Ita lintar a zagaye da ita bangon duka, musamman da wannan bulo naka. Mita 28 sau 0.15 sau 0.20, kankare bai kai mita kubik ɗaya ba, buhu 7 ke yin kubik, ka ware 6. Ƙarfe sanda huɗu a jere mita 112, kowace sanda mita 12 ce, sayi 11 saboda haɗi. Ban sa simintin ɗora bulo da ƙananan ƙarafan ɗauri ba.

Ɗan Birni: Ni da zan ba da shawara, ƙarasa saman da tubalin ƙasa ka rufa kwano ka shiga. Birni duk da ƙasa aka gina shi.

Tsohon magini: Ƙasa bisa bulon da aka buga 45 a buhu, babu ɗauri? Kada ka soma.

Hajiya ta Garin Malam: Ni dai a ƙirga buhunan da aka zazzage tukuna.

Malamin lakwal: Na gode duka. Buhu 19 ya fi ƙarfina a yanzu. Yaya ya ce linta a kan ƙofa da taga kaɗai ta isa ɗaki biyu, kuma ba zan je in ƙirga masa buhu ba, kawun 'ya'yana ne. In an buga 40 a buhu fa, Baba? Kuma akwai wanda ya san inda ake ba da siminti bashi zuwa ƙarshen wata wajen kasuwar Dole?