Tafiya ta taso mana ba shiri, ga goyon wata goma

Mai tambaya, daga Kano
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Likitoci sun ce a fitar da Hajiyarmu Alƙahira a yi mata aiki a ƙashin baya, an ba mu kwana 12. Ni kaɗai ce mace a cikin 'ya'yanta, dole ni zan yi jinya. Yarona watansa 10, bai san komai ba sai nono da ɗan kunu. Maigidan ya ce zai raka mu. Ban taɓa hawa jirgi da yaro ba, kuma ko fasfo ba shi da shi. Wanda ya taɓa shiga irin wannan halin don Allah ya faɗa mini yadda ya yi. Wallahi kwana biyu ban rintsa ba.

Wani uba daga Kaduna
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. 'Yar'uwa, ajiye maganar akwati, gobe da sassafe ku nufi ofishin fasfo. Jariri ko na kwana 40 ne sai da fasfonsa na kansa, kuma ba a neman biza sai fasfo ya fito. Za a nemi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, lambar NIN ta yaron, da takardar amincewar iyaye. Mu abin da ya ci mana kwanaki harafi ne kawai: a takardar haihuwar 'yata an rubuta sunana Muhammad, a NIN kuma Mohammed. Sai da muka koma aka gyara. Ki baje takardun nan a daren yau ki bi su harafi bayan harafi.

Ma'aikaciyar jinya daga Zariya
Ƙanwata, ɗauko katin rigakafinsa yanzu ki duba layin wata 9. A nan ake yin allurar shawara tare da ta ƙyanda. In an yi masa, alhamdulillahi. In ba a yi ba, gobe za ki kai shi, domin shaidar ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, ke kuma 12 gare ki. Sannan katin asibitin unguwa ba shi ne ake nunawa a ƙasar waje ba. Akwai katin nan mai ruwan ɗorawa da ake karɓa wurin jami'an lafiya na filin jirgi, kowannenku sai da nasa. Na ga matar da aka tsayar a kansa, jakunkunanta sun riga sun wuce.

Wata uwa daga Katsina
Tawa ta mota ce, rasuwar mahaifina a Maraɗi. Da asuba aka bugo, kafin hantsi mun wuce Jibiya, 'yata tana da shekara 2. A kan iyaka aka ce in nuna shaidar cewa 'yata ce. Ban ɗauko komai ba sai hoton takardar haihuwarta a waya, shi ya taimake ni bayan doguwar magana. Daren farko a gidan makoki gudawa ta kama ta saboda canjin ruwa, ina kukan uba ina wankin zani. Tun daga ranar ba na fita da yaro sai da ƙullin gishiri da sukari na asibiti da maganin zazzaɓinsa a jakar hannu.

Wata Hajiya daga Sakkwato
'Yata, duk abin da suka faɗa miki gaskiya ne, amma ni jinyar nake jiye miki. Na yi ta a Alƙahira da jikata a hannu, lokacin da aka yi wa maigidana aiki, uwarta ce ta biyo mu da ita don ba a yaye ta ba.

Jirgin ba shi ne wahalar ba. Yaron da bai kai shekara 2 ba a cinya ake riƙe shi, kuɗinsa kaɗan ne, za su ba ki ɗan bel ki haɗa da naki. Ki ba shi nono daidai lokacin tashi da lokacin sauka, haɗiyar ce ke buɗe masa kunne. Kada ki sa zanin goyonki a babban akwati, a layin duba fasfo za ki gode mini.

Wahalar tana asibiti. Inda muka kwanta ba su yarda a shiga da jariri wurin mara lafiya bayan aiki ba, kuma da gaskiyarsu. Sai ya zama uwar tana zaune a benci a waje, yarinya tana tsala kuka, ni ina ciki ina juya Alhaji. Mun kama ɗaki nesa don ya fi sauƙi, kuɗin tasi da cunkoson garin nan suka cinye abin da muka rage. Ki kama masauki inda za ki taka da ƙafa ki shayar ki dawo. Ki zaunar da mijinki tun a gida ki gaya masa rainon nasa ne, ya koyi dama kunu da canza kunzugu a kwanakin nan, kada sai an je can. Ki tafi da garin kununki. In tafiyar ta faɗo Disamba ko Janairu, sanyinsu yana shiga ƙashi, ki ɗaukar masa hula da safa.

Mai tambaya
Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan mahaifinki Anti. Na duba katin, an yi masa allurar watan jiya. Sunan babansa ma iri ɗaya ne a takardun biyu. Hajiya, na karanta wa maigidan saƙonki, ya yi shiru, can ya ce in nuna masa yadda ake kunun. Gobe ƙarfe 7 za mu fita neman fasfo. Ku sa Hajiyarmu a addu'a.