An taɓa yanke min hukunci a kotu, zan iya zama lauya kuwa?

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana shari'a ku taimaka min da shawara, abin nan ya hana ni sukuni. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, na yi difloma a shari'a, yanzu ina so in cike DE, wato fom ɗin shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, in shiga BUK ko ABU. Matsalar ita ce ina shekara 20 na sayi waya a hannun wani yaro ran kasuwa, araha ta ruɗe ni ashe ta sata ce, aka bi sawunta aka kama ni shi kuma yaron ya cika wandonsa da iska. A kotun majistare mai gabatar da ƙara ya ja ni gefe ya ce kawai ka amsa a ci ka tara ka tafi gida, in ka musa sai ka ruɓe a tsare ana ta ɗaga shari'a. Ba ni da lauya ban san komai ba, na amsa. Aka ce wata shida ko tara, kuɗin bai samu a ranar ba sai da na ɗan kwana biyu a gidan yari kafin kawuna ya sai da tunkiya ya biya. Shekaru sun ja yanzu, tun daga nan ko ofishin ƴan sanda ban ƙara takawa ba.

To jiya wani abokin karatuna yake ce min kar in ɓata shekaruna, wai duk wanda kotu ta taɓa samu da laifi ba za a taɓa sa masa hular lauya ba. Gaskiya ne? Don Baba har maganar jinginar da gonar fadama yake saboda karatun nan, ba na so in sa shi asara.

Kwamanda_Wudil:
Haba malam, wa zai je ya tono fayil a kotun ƙauye? Fayil ɗin ma ƙila tuni gara ta cinye shi. In an tambaye ka a fom ka ce babu, ka wuce abinka. Manyan da suka wawushe biliyoyi suna nan suna yawo da jiniya sai kai mai waya ɗaya za ka tona wa kanka asiri

Barista Mai Bakin Kot:
Wa alaikumus salam ƙanena. Shawarar Kwamanda kar ka kuskura, zan dawo kanta.

Abokinka rabin magana ya ji. Dokar aikin lauya, Legal Practitioners Act, a sashe na 4 ba ta ce wanda aka taɓa ɗaurewa ba zai zama lauya ba. Abin da ta ce shi ne ka kawo shaidar gama makarantar horas da lauyoyi, sannan ka gamsar da Body of Benchers cewa kai mai halin kirki ne. Su Benchers ɗin manyan alƙalai ne da manyan lauyoyin ƙasar nan, su ke rantsar da mutum. Wato ƙofar ba a kulle take da kwaɗo ba, mai gadi ne a bakinta, in ya gamsu ya bar ka in bai gamsu ba ya ce koma.

Jami'a ba nan gizo ke saƙar ba. Shekara 5 ne in ta JAMB ka shiga, 4 in DE ce. Inda za ka fara haɗuwa da tambayar shi ne fom ɗin makarantar lauyoyi, wadda Council of Legal Education ke gudanarwa, hedikwatarta na Bwari a Abuja, ga reshenmu nan Bagauda a ƙasar Bebeji. Fom ɗin zai tambaye ka ko kotu ta taɓa samunka da laifi, ko an taɓa korarka daga makaranta. In ka ci jarabawa kuma sai Benchers biyu sun sa maka hannu sun tsaya maka kafin a kira ka, daga nan a rubuta sunanka a rijistar Kotun Ƙoli.

Ba zan yi maka daɗin baki ba, irin laifin naka ne ya fi damuna. Da faɗa ne aka yi a filin ƙwallo ko laifin tuƙi da sauƙi. Karɓar kayan sata, sashe na 317 na Penal Code, yana cikin laifukan rashin gaskiya, shi kuwa lauya kuɗin mutane yake riƙewa, takardun filaye, dukiyar marayu in ana rabon gado, to duk abin da ya taɓa amana da shi suke fi tsananta bincike. Abin da ke gefenka shi ne ƙuruciya ce, abin ƙarami ne, an daɗe, kuma ba ka sake ba.

Yanzu maganar ɓoyewa. Ka ɗauka ka ce babu ka wuce ka zama lauya. Ƙauyenku wa bai san an kama ka ba? Ranar da ka kayar da wani a shari'ar gona, ko ka fito takarar kansila, ranar za a rubuta takardar ƙorafi a kanka, kuma akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, doka ta ba shi ikon soke sunan wanda ya shiga rijista ta hanyar yaudara. A lokacin ba wayar za a tuhume ka da ita ba, ƙaryar da ka yi da hankalinka kana babba, wannan kuwa ba ta da uzurin ƙuruciya. Ga gona ta tafi ga shekarun karatu sun tafi.

Ni da ni ne kai, kafin in taɓa gonar Baba hukuncin zan fara bi. Hanya biyu ce. Ko ka ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu, lokacin da doka ta ba ka na kwana 30 ya wuce tuni amma ana neman izinin ƙarin lokaci, sai dai wanda ya amsa laifi da bakinsa afil ɗinsa na da wuya sai in an nuna ba a karanta masa tuhumar yadda zai gane ba ko matsa masa aka yi. Ko kuma ka nemi afuwar gwamna, sashe na 212 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi wannan ikon a laifukan dokar jiha, ana rubutawa ta ma'aikatar shari'a zuwa kwamitin afuwa. Ka leƙa ofishin Legal Aid Council na jiharku, kyauta suke yi.

Tsohon Rijistara:
Ɗana, Barista ya gama magana, ni abin da na gani da idona zan ƙara maka tunda a kotu na yi aiki har na yi ritaya. Kwamanda, yaro man kaza, fayil yana ɓata amma littafin da alƙali ke rubuta shari'a da hannunsa yana nan, sannan wanda ya shiga gidan yari ko na dare ɗaya ne da waranti ya shiga an rubuta shi a can ma, in kuma an ɗauki hoton yatsunsa to akwai ma'ajiyar ƴan sanda a Alagbon ta Legas. Ba wuri ɗaya ba ne.

Ka je kotun ka nemi kwafin shari'ar mai hatimi, ka biya ka karɓi rasit. Ka zauna ka karanta da kanka tunda ka yi difloma. Me aka rubuta an tuhume ka da shi? An rubuta an fassara maka da Hausa, wa ya yi tafinta? An tambaye ka ko ka san wayar ta sata ce? Don laifin nan sai da sani ko dalilin zargi yake tabbata, in abin da ka faɗa a ranar shi ne na saya amma ban sani ba, to wannan ai ba amsa laifi ba ne ko da an rubuta ya amsa. Yara da yawa haka aka yi musu, ana sauri a tashi.

Sannan ka bambance afuwa da afuwa. Wadda ake yi da azumi ko da salla wani mai hali ya biya wa ɗaurarru tara a sake su, ko gwamna ya rage wa mutum wa'adi, wannan sakinka kawai aka yi hukuncin na nan daram. Cikakkiyar yafiya ita ke wanke mutum, irin wadda Janar Abdulsalami ya yi wa Obasanjo bayan ɗaurin da aka yi masa a 1995, shi ya sa ya iya tsayawa zaɓen 1999. Ita za ka rubuta kana nema, da sunanta. Kuma ko ka samu, in fom ya tambaya ka faɗa, ka liƙa takardar a baya.

Ƴar Bichi:
Barista don Allah nima ku duba min, ƙanena ne NDLEA suka kama da tramadol aka yanke masa hukunci, ya fito ya shiryu wlh har limanci yake ja a unguwa, shi ma burinsa kenan. Shi ma wajen gwamna zai je?

Barista Mai Bakin Kot:
A'a Hajiya. In Babbar Kotun Tarayya ce ta yanke da dokar NDLEA to laifin tarayya ne, gwamna ba shi da hurumi, sai shugaban ƙasa a sashe na 175, kuma wannan hanya ce mai nisa gaskiya. Ya tambaya a gidan gyaran halin da ya zauna ko zai samu takardar shaidar kyakkyawan hali, dokar 2019 da ta canza wa gidajen yari suna ta yi tanadinta. Ba ta goge hukunci amma tana da amfani a fayil.

Malam Na Tarihi:
Ɗan Fadama kar ka karaya. Mandela lauya ne aka same shi da laifi a 1952, ƙungiyar lauyoyin Transvaal a Afirka ta Kudu ta je kotu a soke sunansa, a 1954 kotu ta ƙi. A Amurka akwai Reginald Dwayne Betts, yana shekara 16 ya yi fashin mota ya yi sama da shekara 8 a kurkuku, ya fito ya yi karatun lauya a Yale, a 2017 jihar Connecticut ta karɓe shi. Allah ma yana karɓar tuba balle ɗan Adam.

Barista Mai Bakin Kot:
Malam gaskiya ne amma a yi hattara. Na Mandela laifin siyasa ne na bijire wa dokar wariyar launin fata, kotun cewa ta yi abin da ya yi bai zubar da mutuncin aikin ba, ba a haɗa shi da kayan sata. Shi kuma Betts ai bai ɓoye ba, sai da aka dakatar da shi aka bincike shi mutane suka rubuto suna shaidarsa sannan aka yarda. Kuma can Amurka ce, Benchers ɗinmu ba su da wajibcin bin su. Ni ba zan ce wa yaron nan tabbas za a kira shi ba, babu wanda zai iya ba shi wannan alkawarin. Abin da zan ce ya fara tara shaidu tun yanzu, mai gari, hakimi, malaman da suka koyar da shi, in da hali ya samu ofishin wani lauya a Dutse ko Kano ya riƙa zuwa yana taya su aiki, don ranar da zai nemi Bencher ya sa masa hannu a samu wanda ya san shi shekara da shekaru ya kai shi.

Kwamanda_Wudil:
To ni dai na faɗi tawa. Afuwar gwamna kuma talaka da ba shi da kowa a sama, Allah ya sa mu ji alheri

Ɗan Fadama:
Na gode ƙwarai Barista, Baba Rijistara Allah ya ƙara girma. Wallahi abin da na faɗa a kotun kenan, na saya amma ban san ta sata ba ce, kuma da Turanci aka yi komai wani ɗan sanda ne ya ɗan fassara min sama-sama. Ran Litinin in Allah ya kai mu zan je neman kwafin, na kuma ce wa Baba a dakata da maganar gona. Tambaya ɗaya Barista, in cike DE ɗin bana ana bin maganar afil a gefe, ko in bari sai na ga abin da ke rubuce a littafin?