Tallafin karatu ga ƴan shekara 16 zuwa 19 a Birtaniya: yadda ta kaya da ƴaƴanmu

Wani uba mazaunin Birmingham:
Assalamu alaikum. Ɗana na biyu ya gama jarrabawar GCSE, wato ta kammala sakandare, kuma a watan Satumba zai shiga kwaleji domin koyon aikin wutar lantarki. Tun 2015 dokar Ingila ta wajabta wa yaro ya ci gaba da karatu ko horo har ya cika shekara 18, amma da na haɗa kuɗin motar zuwa da dawowa, da takalman aiki, da jerin kayan da kwalejin ta rubuto mana, sai na ga albashina ba zai ɗauka ba. An ce mini akwai tallafi, don haka nake roƙon waɗanda suka taɓa nema su bayyana mana yadda suka yi.

Wata uwa daga Manchesta:
Wa alaikumus salam, Malam. Sau biyu na nemi wannan tallafi, kuma karon farko bai zo mini da daɗi ba. A Ingila gwamnati tana ba kowace makaranta ko kwaleji kaso ne, ita kuma makarantar ta tsara wanda ya cancanta da abin da za ta ba shi, shi ya sa za ka ga ɗan maƙwabcinka ya samu a kwalejinsu alhali naka, da kuɗin shiga iri ɗaya, bai samu ba. Lokacin babbar ƴata ban san da wannan ba, sai da aka shiga watan Oktoba na kai takardu, aka ce mini an riga an raba mafi yawan kuɗin, abin da ya rage bai wuce na littattafai ba. Da aka zo kan ƙanwarta, tun kafin a buɗe makaranta na je ofishin kula da ɗalibai da takardun Universal Credit ɗina na watanni uku, wato tallafin da gwamnati ke biyan masu ƙaramin ƙarfi, na cike fom a gabansu. Ba su ba mu kuɗi a hannu ba. Katin mota suka saya mata, suka biya kayan kwas ɗinta na gyaran gashi, suka kuma sa mata kuɗin abincin rana a katin makaranta. Da farko na so a ce kuɗin ne suka shigo, amma daga baya na gane hakan ya fi, domin kuɗin da ya shigo gida ba ya rasa wata buƙatar da za ta cinye shi. Sharaɗinsu shi ne zuwa aji a kan kari, kuma suna duba rajista da gaske.

Wata ɗaliba a Landan:
Baba, akwai kashi na biyu da Mama ba ta ambata ba, wanda ni na samu saboda a hannun hukumar kula da yara na tashi. An ware shi ne ga irinmu, da waɗanda suka bar hannun hukumar, da matasan da ke karɓar Universal Credit da sunansu domin su ke ɗaukar nauyin kansu, da wasu masu buƙata ta musamman. Yana iya kaiwa fam 1,200 a shekara, sai dai ba kowa ake ba cikakken adadin ba, domin ana duba ainihin abin da kwas ɗin zai ci. Nawa bai kai haka ba, tunda a Landan ina shiga bas kyauta da katin ƴan shekara 16 zuwa sama.

Wani malami mazaunin Glasgow:
Ina ganin ya dace a fayyace cewa duk bayanan da suka gabata na Ingila ne kaɗai, domin wasu ƴan'uwa suna ƙaura daga wani yanki zuwa wani suna zaton tsarin ɗaya ne. Mu a Sikotland har yanzu ana biyan alawus ɗin ɗalibai da ake kira EMA, wanda Ingila ta daina karɓar sababbin masu nemansa a 2011. Fam 30 ne a mako, ana biya duk bayan mako biyu, kuma asusun yaron yake shiga, ba na iyaye ba, matuƙar kuɗin shigar gidan bai wuce iyakar da aka gindaya ba. A Wales an ɗaga shi zuwa fam 40 a 2023. Ɗana ya sa hannu a wata yarjejeniya da makaranta, kuma da ya yi fashin kwana guda ba tare da kai uzuri ba, kuɗin makon gaba ɗaya ya rasa. Ban je na roƙa masa ba, kuma tun daga ranar ba a ƙara tashinsa da safe ba. Ni dai a ganina wannan tsarin ya fi adalci, domin yaro ya san abin da zai samu tun farkon shekara, ba sai ya jira abin da kwaleji ta ga dama ba.

Wani direba daga Bradford:
Yaya, tunda aikin lantarki yaronka zai koya, ka tabbatar ko karatun kwaleji ne zalla ko kuwa koyon sana'a ne a ƙarƙashin kamfani da ake biyansa albashi. Nawa yaron koyon sana'ar ya shiga, sai aka ce bai cancanci tallafin ba saboda ma'aikaci ne, sannan kuɗin tallafin yara da mahaifiyarsa take karɓa a kansa ya tsaya. Wanda ɗansa ke kwaleji kuma dole ne ya sanar da hukumar haraji cewa yaron yana ci gaba da karatu, in ba haka ba kuɗin yana yankewa ranar 31 ga Agusta bayan ya cika 16.

Uban da ya yi tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Na duba takardar shigarsa, karatun kwaleji ne zalla na shekara biyu. Hajiya, na tattara takardun watanni ukun kamar yadda kika ce, ranar Litinin kuma ni da shi za mu je ofishin da sassafe.