Sufabaiza ya gayyace mu mashaya a Oxford, ya zan yi?

Sabon_Shiga:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka yi karatu a Ingila ku ba ni shawara. Satina uku da zuwa Oxford, to jiya sufabaizana ya turo saƙo wai ranar Alhamis bayan semina duka 'yan rukuninmu za mu haɗu a wata tsohuwar mashaya mai suna The Bear mu ci abinci mu san juna. Ni fa da na ga kalmar mashaya gabana ya faɗi, a gida ko ƙofar irin wajen ban taɓa bi ba. In na ƙi zuwa ina tsoron a ce ina da girman kai, in na je kuma ban san me zan ci ba balle me zan sha. Wai da gaske ana cin abinci a wajen ko giya ce kawai?

Baban_Ilham:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, ba irin gidan giyar da kake hasashe ba ne mai kiɗa da 'yan rawa, a wajensu kamar teburin mai shayi ne, nan ake zaman majalisa, za ka ga tsohuwa da karenta a gefe tana karanta jarida. Amma giya dai ana sayar da ita kuma ana sha a gabanka, ba zan ɓoye maka ba.

The Bear ɗin nan na san shi, yana lungu a bayan kwalejin Christ Church, ɗan mitsitsi ne, rufin ƙasa-ƙasa, in kana da tsayi sai ka sunkuya, mutum 20 sun cika shi har sai wasu sun koma bencin waje. Suna cewa tarihinsa ya kai 1242 duk da ginin yanzu bai kai haka tsufa ba. Abin da zai ba ka dariya guntayen nakatayel ne sama da 4,000 a cikin gilashi jikin bango har da silin, a shekarun 1950 mai wajen na lokacin ya fara yanke wa mutane bakin nakatayel yana ba su rabin kofin giya a madadi, kowanne da 'yar takardar sunan kulob ko makarantar mai shi.

Kar ka zauna kana jiran weta, ba mai zuwa. Ni zuwana na farko wata mashaya na fi minti ashirin a zaune ina ta hararar ma'aikata ina cewa wariyar launin fata ce, ashe kai za ka tashi ka je kanta ka yi oda ka biya a take, ka faɗa musu teburin da kake.

Maman_Twins:
Ni maganar abincin zan yi don nan ne ake yin kuskure. Naman ba yankan Musulmi ba ne sai dai in sun rubuta, to ka manta da gasasshen naman ranar Lahadi. Kifi da soyayyen dankali da kowa ke gudu wajensa ma ka tambaya tukuna, yawanci da giya suke kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin. Fai ɗin naman sa shi ma da giya ake dafa shi, romon da suke zubawa a kai wani lokaci da ruwan inabi a ciki. Akwai wani dafaffen ƙwai da ake naɗe shi da niƙaƙƙen nama a soya, kamar egg rol ɗinmu, naman alade ne wallahi kar ka taɓa. Ni dai gasasshen dankalin turawa nake ci wanda ake tsagawa a zuba cuku da wake ko kifin gwangwani, sai wani kek mai ɗumi da ake yi da dabino, wannan kam ba laifi.

Abin sha ka ce lemun tsami da soda ko Coke, ruwan famfo kuma kyauta ne doka ce. Abin da suke kira saida (cider) BA jus ɗin tuffa ba ne, giya ce. Shandi ma rabi giya rabi lemo. Jinja biya yawanci ba giya a ciki amma akwai mai ita, ka karanta kwalbar.

Abu_Huzaifa:
Ku yi haƙuri 'yan uwa amma kun tsallake asalin maganar. Akwai hadisi a Tirmizi da ya hana wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. Ba sai ka sha ba, zaman ma abin dubawa ne. Kuma suna da al'adar nan ta kowa ya sayo wa duka teburi zagaye ɗaya, in layi ya zo kanka da kuɗin sikolashif ɗinka za ka sayo musu giya kenan? Ka gaya wa malamin naka gaskiya cikin ladabi, Turawan nan sun fi girmama mai faɗin abin da ba ya yi a kan mai noƙe-noƙe. Ka ce a haɗu a gidan shan kofi wani lokacin, ko ka ja su Cowley Road, gidajen abincin halal birjik, ga babban masallaci a Manzil Way kusa.

Baban_Ilham:
Malam gaskiyarka, ban musa ba, kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Zagayen dai ana iya zamewa, tun farko ka ce ni zan sayi nawa ba na sha, ba wanda zai ce maka uffan. Abin da ya sa ban ce masa kar ya je kai tsaye ba, rabin maganar aiki a can ake yin ta, wa ke neman mataimaki, wane taro za a je, kai kana ɗaki ba ka da labari.

Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Na tura masa saƙo na ce ba na shan giya kuma ban saba zama wajen ba, ya ce ba komai akwai wata 'yar Malesiya a rukunin ita ma haka, wata mai zuwa za a yi a gidan kofi. Na Alhamis ɗin dai har yanzu ina ta waswasi. Maman_Twins kek ɗin dabinon nan ya sunansa, kuma ana samunsa a shago?